Yadda maƙeran Alƙahira ke ƙera jikin tsofaffin motocin da babu kayan gyaransu a kasuwa

A watan Maris na 1947 an gudanar da tseren motoci a tsibirin Gezira da ke tsakiyar kogin Nilu a birnin Alƙahira. Motocin duka ƙirar Cisitalia ne, waɗanda aka yo jigilarsu daga Italiya. Franco Cortese ne ya zo na ɗaya, sai Alberto Ascari, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau biyu, ya rufa masa baya. Jikin motocin tsere na wancan zamani da hannu ake ƙera shi, ana bugun fallen alminiyam da guduma har ya ɗauki siffar da ake so.

Kusan shekara 80 bayan haka, guduma ce dai ke yanke hukunci kan makomar tsofaffin motocin da suka rage a Masar.

Inji ana iya kwance shi a wanke, a sauya abin da ya cinye a cikinsa. Taya da wayoyin lantarki ana iya yin odarsu. Amma idan tsatsa ta cinye ƙofar motar da aka daina ƙerawa tun shekara 70 da suka wuce, kamfaninta ma ya daɗe da rufewa, mai ita ba shi da shagon da zai nufa. Dole sai an samu wanda zai ɗauki shimfiɗaɗɗen fallen ƙarfe ya mayar da shi ƙofa.

Masarawa na kiran mai gyaran jikin mota samkari, wanda a arewacin Najeriya ake kira fanal-bita. Sai dai tsakanin mai miƙar da loɓar mota da wanda ke ƙera sabon ɓangare daga farko akwai tazara irin wadda ke tsakanin mai yi wa riga faci da telan da ke yanka babbar riga. Na biyun ne ke ƙara wuyar samu, kuma aikinsa na tattare da wata sarƙaƙiya: duk sabon ƙarfen da ya liƙa yana ceto motar, yana kuma rage wani abu daga asalinta.

Mece ce rodsta?

Rodsta ita ce mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen sama, wadda ake ja mata rufin tamfol idan ruwa ya sauko ko rana ta take. Yawancinsu suna da dogon gaba, da gajeren baya, da murafun taya masu lanƙwasa. Sun yi tashe sosai daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Daga cikin fitattunsu akwai MG TC ta Birtaniya da aka ƙera daga 1945 zuwa 1949, da Jaguar XK120 da aka fara nunawa a Landan a 1948, da Austin-Healey 100 ta 1953, da Mercedes-Benz 190 SL ta Jamus da aka ƙera daga 1955 zuwa 1963.

Dalilai uku ne ke sa gyaran jikinsu ya fi na sauran motoci wuya.

Na farko, rufin ƙarfe shi ne ke ɗaure gaban mota da bayanta. Motar da ba ta da shi ta dogara ne sosai ga daɓenta da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma nan ne ruwa ke kwanciya. Da zarar wurin ya ruɓe, tsakiyar motar kan sunkuya, ƙofofi su daina rufuwa.

Na biyu, da yawansu a kan ƙwarangwal na katako aka ɗora su. MG TC, alal misali, fallayen ƙarfe ne aka lulluɓa wa itacen ash aka kafe da ƙananan ƙusoshi. Idan katakon ya ruɓe ko gara ta ci shi, sai kafinta ya gama aikinsa kafin maƙeri ya fara nasa.

Na uku, ba a ƙera su da yawa ba. MG TC kimanin 10,000 aka yi, 190 SL kuma ba ta kai 26,000 ba. Jaguar XK120 guda kimanin 240 na farko da hannu aka yi jikinsu da alminiyam, kafin kamfanin ya koma ƙarfen da inji ke matsewa a 1950. A motar da aka yi da hannu, ɓangaren dama da na hagu ba sa zama daidai cif, kuma ƙofar wata ba lallai ta shiga wata ba, ko da ƙirarsu ɗaya.

Yadda motocin suka taru a Masar

A farkon rabin ƙarni na 20, Alƙahira da Iskandariyya na cikin manyan kasuwannin motocin alfarma a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Arziƙin auduga, da gidan sarauta, da dubban Girkawa da Italiyawa da Turawan Ingila da ke zaune a ƙasar, duk sun jawo dillalan motocin Turai da Amurka. A 1924 aka kafa ƙungiyar masu motoci ta masarautar Masar, wadda ginin hedikwatarta ke kan titin Qasr al-Nil a tsakiyar birni.

Sarki Faruk, wanda ya hau mulki a 1936, ya yi suna wajen tara motoci. An keɓe jan fenti ga motocin fada domin 'yan sanda su gane su daga nesa. A 1938, shekarar da ya auri Sarauniya Farida, Adolf Hitler ya aiko masa da kyautar Mercedes-Benz 540K.

Juyin mulkin watan Yulin 1952 ya kawo ƙarshen wannan zamani. An ƙwace kadarorin gidan sarauta, bayan rikicin mashigin Suez na 1956 kuma baƙi da dama suka bar ƙasar. Motocin da ba su iya tafiya da su ba suka koma hannun 'yan ƙasa, wasu aka kulle su a gareji tsawon shekaru.

Gwamnatin Gamal Abdel Nasser ta karkata ga ƙera mota a gida. An fito da Ramses, ƙaramar mota da aka gina a kan injin NSU Prinz na Jamus, a 1960 kuma aka kafa kamfanin Nasr a yankin Helwan, wanda ya riƙa harhaɗa motocin Fiat. Takaita shigo da kaya daga waje ya tilasta wa masu tsofaffin motoci su ci gaba da lallaɓa su, makanikai kuma suka ƙware wajen ƙirƙiro abin da babu.

Yanayi ma ya taimaka. Ruwan saman da Alƙahira ke samu a shekara bai kai milimita 30 ba, kuma ba a barbaɗa gishiri a titi domin narkar da ƙanƙara kamar yadda ake yi a Turai. Shi ya sa motocin birnin ba su ruɓe kamar takwarorinsu na Ingila ba, ko da yake na Iskandariyya sun sha iskar teku mai gishiri.

A yau akwai masu tara su. A 2022 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton Mohamed Wahdan, wanda ya tara tsofaffin motoci fiye da 250, ciki har da Ford T ta 1924 da ta taɓa zama mallakar Sarki Faruk. Akwai kuma Sayed Sima, wanda ya shafe shekaru yana bai wa masu shirya fina-finan Masar hayar tsofaffin motocinsa.

Inda ake aikin

Cibiyar gyaran mota mafi shahara a Alƙahira ita ce unguwar Hirafiyyin, wato birnin masu sana'ar hannu, a arewa maso gabashin birnin. Ga wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wurin ba zai zame masa baƙo ba: layukan gareji da shagunan kayan gyara, kowa da fannin da ya ƙware a kai. Akwai kuma Wikalat al-Balah a Bulaq, tsohuwar kasuwar da ta yi suna wajen kayan gwanjo da tsofaffin ƙarafa.

Tsarin koyon sana'ar ma kusan ɗaya ne da na ƙasar Hausa. Maigidan gareji shi ne usta, ƙaramin yaron da ke miƙa masa kayan aiki kuma ana yi masa laƙabi da bilya. Yaro kan fara da shara da goge tsatsa, ya shekara yana kallo kafin a ba shi guduma. Mai fenti kuwa aikinsa sunansa duko, daga Duco, wani fentin mota da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a shekarun 1920.

Sarrafa fallen ƙarfe ya girmi mota nesa ba kusa ba a wannan birni. A yankin Nahhasin da ke kan titin al-Muizz a tsohuwar Alƙahira, maƙeran jan ƙarfe sun shafe ƙarnoni suna bugun faranti su mayar da shi tukunya ko buta ko fitila. Ilimin da ke mayar da farantin jan ƙarfe tukunya shi ne ke mayar da fallen ƙarfe murfin taya.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Matakin farko shi ne tuɓe motar tsirara. Kafin nan maƙeri kan zagaya ta da ɗan maganaɗisu. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe na kusa. Inda ya faɗi, akwai kaurin fila, wato kwaɓin da ake shafawa a cike loɓa. Wannan dabara ba ta aiki a jikin alminiyam, domin maganaɗisu ba ya kama shi, sai dai a ƙwanƙwasa a saurari ƙara.

A nan ne matsalar motocin Alƙahira ke bayyana. Abin da tsatsa ta ƙyale, cunkoson titi bai ƙyale ba. Motar da ta yi shekara 60 a birnin ta sha gogayya da karo, kuma kowane karo an gyara shi da gaggawa da kuɗi kaɗan. Tun da filar roba ta shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, hanya mafi sauƙi ita ce a tura loɓar ciki a shafe ta. Masu sana'ar na ganin bai kamata kaurin fila ya wuce milimita uku ba, amma akan tarar da ninkin haka sau da yawa, da faci a kan faci. Fila mai kauri kan tsage, danshi ya shiga, ƙarfen ya ruɓe a ɓoye alhali fentin na sheƙi.

Kafin a yanke ko da taƙi ɗaya, ana walda sandunan ƙarfe a cikin motar, musamman a ƙofofi, domin su riƙe ta. Rodsta da aka cire wa ruɓaɓɓen daɓe ba tare da wannan tokari ba tana iya karkacewa, kuma duk abin da aka gina a kan karkataccen tushe a karkace zai fito.

Ƙwarangwal da takarda

Maƙeri ba ya bugun ƙarfe da ka. Yana bukatar abin gwaji, wanda yawanci ƙwarangwal ne na katako mai kama da haƙarƙarin kwalekwale. Ana yanka allunan filawud, kowanne da siffar motar a wani wuri, a jera su da tazara iri ɗaya a ɗaure. Ba a kan ƙwarangwal ɗin ake bugu ba. Ana ɗora fallen ne a kai a kai domin a ga inda ya zauna da inda ya ɗaga.

Idan ɓangare ɗaya na motar ya tsira, daga shi ake ɗaukar awo a juya domin a samu ɗayan. Idan duka biyun sun lalace, sai a nemi wata mota irinta, ko tsofaffin hotuna da zane-zanen kamfani. A yanzu wasu gareji a duniya na amfani da na'urar da ke ɗaukar siffar mota da haske ta shigar da ita kwamfuta, daga nan inji ya yanka katakon daidai awo.

Sai kuma takarda. Ana shimfiɗa ta a kan ƙwarangwal ko tsohon ɓangaren kamar yadda tela ke fitar da fasalin riga. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin naɗe ƙwarya da takarda ya san abin da zai faru: a wasu wurare za ta tattare, a wasu kuma ba za ta kai ba sai an tsaga ta. Wannan taswira ce ga maƙeri. Inda takarda ta tattare, ƙarfe ya yi yawa, dole a tsuke shi. Inda ta tsage, ƙarfe ya yi kaɗan, dole a miƙa shi.

Ba a ƙera babban murfin taya da falle ɗaya. Ana raba shi gida-gida, a ƙera kowanne daban, daga baya a haɗa.

Miƙewa da tsukewa

Lanƙwasa ƙarfe ta fuska ɗaya, kamar yadda ake naɗa bututun murhu, ba wuya. Wuyar tana ga lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, irin ta bayan ƙwarya. Hanya biyu ce kawai ake samun haka: a miƙa tsakiyar fallen ya yi siriri ya kumbura, ko a tsuke gefensa ya yi kauri ya tattaro.

Ana miƙawa ne da gudumar katako ko ta roba mai zagayayyen kai, a kan jakar fata da aka cika da yashi, ko a kan kututturen itace da aka fafe kamar turmi. Kowane bugu na tura ƙarfen ƙasa kaɗan. Bayan ɗaruruwan bugu fallen kan zama kwano mai ƙuraje.

Tsukewa ta fi wuya, domin ƙarfe ya fi son miƙewa. Maƙeri kan tattara gefen fallen ya yi masa ƙananan tudu kamar tattarar siket, sannan ya buge tudun a hankali yadda ƙarfen zai shige cikin kansa maimakon ya koma yadda yake. Akwai ƙaramin inji mai muƙamuƙai biyu da ke cafke gefen falle ya matso shi, wanda ke sauƙaƙa wannan aiki.

Daga nan sai goge ƙurajen. A al'adar Birtaniya ana amfani da injin murza da ake kira keken Ingila. Babban ƙarfe ne mai siffar baka, da faifai biyu a bakinsa: na sama mai faɗi, na ƙasa mai tudu. Ana cusa fallen a tsakaninsu a riƙa turawa ana jawowa, kowane layi na ɗan hawa kan na baya. Babu mota ko lantarki a jikinsa. Matsin faifan da yawan layukan ne ke ba da siffa, kuma babban falle sai mutum biyu sun riƙe shi, ɗaya a kowane gefe, numfashinsu ya zo ɗaya. Da irin wannan inji aka ƙera fatar jiragen sama masu yawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Italiyawa kuwa sun fi dogara da guduma da kututture, suna ƙera ƙananan yankuna su haɗa su da walda. A ƙananan gareji da ba su da manyan injuna, irin waɗanda suka cika Alƙahira, guduma da ɗan dunƙulen ƙarfen da ake tokarewa da shi ta baya su ne jarin maƙeri. Aikin ya fi cin lokaci, amma ilimin ɗaya ne. Jikin mota guda da aka ƙera da hannu na cin ɗaruruwan sa'o'i.

Ana gane aiki ya yi ne da tafin hannu kafin ido. Maƙeri kan shafa fallen idonsa a rufe, domin hannu na jin tudun da haske bai nuna ba.

Ƙarfe ko alminiyam

Ƙa'idar ita ce a yi amfani da abin da kamfani ya yi amfani da shi tun farko. Kaurin ƙarfen jikin tsofaffin motoci yawanci tsakanin milimita 0.9 ne da 1.2. Alminiyam ya fi taushi, don haka akan sa mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.6.

Alminiyam na da halinsa. Yawan bugu na sa shi taurare, idan aka matsa masa kuma ya tsage. Dole a riƙa gasa shi domin ya saki jiki. Matsalar ita ce ba ya yin ja kamar ƙarfe idan ya ɗauki zafi. Yana nan fari har ya kai kimanin digiri 660 ya narke ba gargaɗi. Tsofaffin maƙera na da dabara: sukan turara fallen da baƙin hayaƙin wutar walda, sannan su bi shi da harshen wuta mai tsabta. Da zarar baƙin ya ƙone ya ɓace, zafin ya isa.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin ƙarafan biyu. Inda alminiyam ya taɓa ƙarfe kuma danshi ya shiga, alminiyam ɗin kan cinye ya koma farin gari. Motocin da aka lulluɓa wa siraran bututun ƙarfe fatar alminiyam, irin tsarin Superleggera da kamfanin Touring na Milan ya fito da shi a shekarun 1930, a wannan mahaɗa suke fara lalacewa. Mai gyara nagari kan sa abin da zai raba su.

Walda da dalma

A wurin haɗa yankunan ake gane gwani. Mai gaggawa kan ɗora sabon falle a kan tsoho ya yi walda, ya rufe tudun da fila. Tsakanin fallayen biyu kuwa ɗaki ne aka gina wa tsatsa. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa baki da baki, a ɗiga walda nan da can ana barin ƙarfen ya huce, domin zafi na tsuke ƙarfe ya murɗe shi. Bayan haka a buge layin waldar da guduma har ya miƙe, a bi shi da magagari. Idan aikin ya yi kyau, ko ta ciki da ƙyar za a gane mahaɗar.

Gefen murfin taya na tsofaffin motoci akan naɗe shi a kan waya, kamar bakin bokitin ƙarfe, domin ya yi ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki kuma, wadda yawanci milimita uku zuwa biyar ce, dole ta zama ɗaya daga sama har ƙasa.

Kafin zuwan filar roba, dalma ake narkawa a cike mahaɗa, gaurayen kashi 70 na dalma da kashi 30 na kuza, ana lailaye ta da ɗan katako da aka shafa wa kitse. Har yanzu masu son bin tsohuwar hanya na amfani da ita, domin ba ta tsagewa. Amma dalma guba ce, kamar yadda mutuwar ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta nuna. Shi ya sa ba a goge ta da inji, domin ƙurarta na shiga huhu, tana kuma bin tufafin ma'aikaci har gida.

Me ya sa ba a sayo sabo?

Ga wasu motoci ana iya saya. MGB, wadda aka ƙera fiye da 500,000 daga 1962 zuwa 1980, tana da kasuwa babba, har kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon jikinta a 1988 da ainihin ma'aunan da masana'antar ta bari. Tun a shekarun 1910 da Edward Budd na Philadelphia ya yaɗa jikin mota na ƙarfe zalla, inji na iya fitar da ƙofa cikin daƙiƙoƙi. Sai dai ma'aunin da injin ke bugawa da shi na cin kuɗi mai yawa, kuma babu wanda zai ƙera shi saboda motar da 'yan ɗaruruwa suka rage a duniya.

A Masar akwai ƙarin dalili. An saki fam ɗin ƙasar ya nemi darajarsa a kasuwa a Nuwamban 2016, ya sake faɗuwa a 2022, a watan Maris na 2024 kuma dala ɗaya ta kai kusan fam 50. Duk abin da za a yi odarsa daga Turai ya ninka kuɗi, ga kuɗin jirgi ga na kwastam. Dokokin ƙasar sun kuma tsaurara shigo da motocin da aka yi amfani da su, don haka sayo wata tsohuwar mota daga waje domin a ciri kayanta ba abu ne mai sauƙi ba.

Ko an sayo ɓangaren ma, da wuya ya zauna ba tare da an yanka an ƙara ba. A ƙarshe dai hannun samkari za a komo.

A sauya ko a bari?

Gwanin da ke iya ƙera kowane ɓangare yana iya ƙera motar gaba ɗaya. Idan aka sauya ƙofofi da murafun taya da gaba da baya da daɓe, abin da ya rage na asali sai lambar da aka buga a jikin shasi. Motar za ta yi kyau fiye da ranar da ta fito daga masana'anta, amma ƙarfen da ya bi titunan Alƙahira a zamanin Faruk yana wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan ta cika wasu sharuɗɗa, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a Janairun 2013. Manufarta ita ce a adana ainihin kayan mota gwargwadon iko, a rubuta duk abin da aka sauya, a kuma yi wa sabon ɓangare alama domin kada na gaba su ɗauke shi na asali.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne motar Mercedes da aka kashe Janar Murtala Ramat Mohammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Duk wani fanal-bita na iya toshe ramukan harsashin da ke jikinta cikin kwana ɗaya. Ranar da aka yi haka, motar ta zama tsohuwar Mercedes kamar kowace.

Ba kowace loɓa ce tarihi ba, kuma motar da za ta hau titi dole ƙashinta ya yi ƙwari, domin rai ne a cikinta. Abin da ake nema shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai. Idan ƙasan ƙofa ne ya cinye, a ƙera ƙasan a haɗa, a bar saman. Wannan ya fi ƙera sabuwar ƙofa wuya, domin tsohon ƙarfe ya yi siriri, kuma wuta kaɗan ke huda shi.

Makomar sana'ar

Dokar hanya ta 2008 ta hana sabunta lasisin tasin da ta wuce shekara 20 a Masar, daga 2009 kuma aka fara maye gurbin baƙaƙen tasin Alƙahira masu ratsin fari da sababbi farare. A 2021 gwamnati ta ƙaddamar da wani shirin na karɓar motocin da suka haura shekara 20 a ba masu su sababbi masu amfani da iskar gas. Manufar ita ce rage hayaƙi, kuma da wuya mai rodsta ya kai ta wurin. Amma tsofaffin Fiat da Nasr da Peugeot 504 da ake niƙewa su ne makarantar da yara ke koyon bugun ƙarfe a kansu.

Motocin zamani ba sa ba da wannan dama. Gabansu da bayansu roba ne, ƙarfensu siriri ne mai tauri, kuma ya fi araha a cire ɓangaren da ya loɓa a ɗaura wani. Yaron da ya shiga gareji yau zai iya zama usta ba tare da ya taɓa tsuke gefen falle ba.

Na'urar ɗaukar siffa da kwamfuta na iya adana awon mota har abada, amma ba ta koya wa hannu nauyin bugu. Wannan ilimi daga maigida yake zuwa ga yaro, a gefen kututture, kuma haka abin yake a Hirafiyyin da Panteka da Ƙofar Ruwa. A Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, 504 ta riga ta haura shekarun da ake ƙirga mota cikin na tarihi. Ranar da kayanta suka ƙare a kasuwa, masu ita za su fuskanci tambayar da masu tsofaffin motocin Alƙahira ke fama da ita yanzu, ta wanda ya rage da zai iya ƙera ƙofa daga shimfiɗaɗɗen falle, ya kuma san inda ya kamata ya tsayar da almakashinsa.